Wai da gaske 'yan hagu ne sunka hana turawa magana? Amsa kan masu kishin ƙasa da laifin kakanni

"Assalamu alaikum Malam, Allah shi ƙara lahiya. Ni ɗalibi ne, kuma ina taya babana zaman shago nan Tsohuwar Kasuwa. Kwanan ga ina yawan cin karo da bidiyon wasu turawa a TikTok da YouTube masu kiran kansu 'yan kishin ƙasa, suna ta zagin waɗanda suke ce ma 'yan hagu, wai sun sa ɗiyansu na jin kunyar tarihinsu, kullum sai neman gafara kan bauta da mulkin mallaka, kuma wai yanzu a Ingila da Jamus ko rubutu ka yi a waya 'yan sanda na iya zuwa har gida. Wani abin in sunka faɗi sai in ji kamar sun fi kusa da mu tunda su ma ba su son auren jinsi. Don Allah gaskiya ne abin ga? Kuma mu wane ɓangare ya kamata mu bi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah shi yi ma albarka, a gaishe min da Baba da mutanen kasuwa. Abu uku ka haɗa a tambaya guda: shin ɗan yau na ɗaukar laifin kakansa, shin da gaske 'yanci na raguwa a ƙasashen turawa kuma in yana raguwa wa ke rage shi, sai ta ƙarshe wadda ta fi damuna, wato mu wa za mu bi. Ni aikina koyar da tarihin siyasa ne a jami'a, ba lauya ba ne ba kuma mufti ba, don haka inda magana ta shiga hukunci zan ɗan taɓa ne in bar ma masu abin. Kafin in ja ka da nisa, mutanen nan suna faɗin gaskiya a wurare da dama, kuma bai kamata a zubar da ita don bakin da ta fito ba. Amma akwai abin da suke haɗiyewa, kuma abin da suke haɗiyewar shi ya fi shafarka kai da ke zaune Sakkwato.

Su wa ake ce ma 'yan hagu

Rabon ya samo asali ne daga majalisar Faransa a 1789 lokacin juyin juya hali, masu son sarki da coci su ci gaba da riƙe ikonsu sunka zauna hannun daman shugaban majalisa, masu son a rushe tsarin sunka zauna hagu. Mu nan Arewa mun yi namu. NEPU da anka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta su Malam Aminu Kano, ita ce hagunmu, jam'iyyar talakawa, NPC ta Sardauna kuma ita ce dama, ta sarakuna da En'e, kuma ka san garin nan namu gidan NPC ne, daga baya ya zama gidan NPN. A zamanin, 'yan hagu su ne ake kaiwa gaban alƙali a ɗaure don sun yi taro ba izini ko sun ambaci sunan sarki a lacca. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku a kan haka. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979 kuwa abin da su Rimi da Balarabe Musa sunka fara yi shi ne soke haraji da jangali. Wannan hagun, maganarsa ciki ce da gumi da wulaƙancin da ake yi ma talaka.

To hagun da mutanen bidiyonka ke zagi ba wannan ba ne. Daga wajen shekarun 1960 zuwa 1970 hagun turawa ya fara sauya sheƙa, daga masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago ya koma jami'o'i da gidajen jarida da ƙungiyoyi masu zaman kansu, maganar albashi ta ja baya, maganar launin fata da jinsi da baƙin haure ta shigo gaba. A daidai lokacin kuma ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfe na arewacin Ingila da arewacin Faransa na ta rufewa. Sai leburan da kakansa da ubansa duk jam'iyyar ma'aikata ta Labour sunka zaɓa ya wayi gari ba aiki, garinsa ya mutu, kuma wani yaro ɗan jami'a daga Landan na gaya mai wai shi ɗan gata ne tunda fari ne. Kai ma in kai ne ai sai ranka ya ɓaci. Wannan ɓacin ran shi ya taimaka Birtaniya ta zaɓi fita daga Tarayyar Turai a 2016 da kashi 52, shi ya sa jam'iyyar masu kishin ƙasa ta Le Pen a Faransa ke cin zaɓe a garuruwan da da can na 'yan gurguzu ne, shi ya sa AfD, jam'iyyar masu kishin ƙasa da anka kafa a 2013, ta zo ta biyu a zaɓen Jamus na Fabrairun 2025 da kusan kashi 21, kuma inda ta fi ƙarfi shi ne tsohuwar Jamus ta Gabas. Ka ƙara da 'yan gudun hijira kusan miliyan guda da sunka shiga Jamus a 2015, sai wuta ta samu iska.

Akwai kuma wani zargi da suke yi wanda ni a ganina ya zauna daram: cewa 'yan hagu na son kowa ya tuba ban da su. Sansanonin gwale-gwale na Stalin a Tarayyar Sobiyet, yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a Sin daga 1959 zuwa 1961, abin da gwamnatin 'yan gurguzu ta Khmer Rouge ta yi a Kambodiya, kisan da gwamnatin sojan Derg ta yi a Habasha, masallatan da Tarayyar Sobiyet ta rufe a ƙasashen Musulmi na tsakiyar Asiya, duk da sunan talaka anka yi su. Na zauna da tsofaffin 'yan aƙida namu na nan da in ka kawo maganar sai su ce farfagandar Amurka ce. Ba ita ba ce.

Laifin kakanni

Nan ne zan fi daɗewa don nan ne ake yawan haɗa abu biyu da ba ɗaya ba.

Abin da masu kishin ƙasar ke cewa shi ne, yaron da anka haifa a Bristol a 2005 bai sayi bawa ba, bai ci ƙasar kowa da yaƙi ba, don me za a tashe shi da jin cewa ƙasarsa abin kunya ce? Kuma al'ummar da ta tsani kanta ba ta iya kare kanta. A Jamus wani jigon AfD, Björn Höcke, ya tsaya a Dresden a Janairun 2017 ya kira wurin tunawa da Yahudawan da anka kashe da ke Berlin abin tunawa na kunya, ya ce a juya yadda ake tuna tarihi gaba ɗaya. A Ingila abin ya yi zafi ne a Yunin 2020 bayan kisan George Floyd, da masu zanga-zanga sunka tumɓuke gunkin Edward Colston, wani attajiri mai fataucin bayi, sunka jefa shi a ruwa, sannan kotu ta sallami mutum huɗun da anka gurfanar a 2022. A Amurka jaridar New York Times ta fito da shirinta na 1619 kan tarihin bauta a ƙasar a 2019, Trump ya mayar da martani da kwamitin 1776 na koyar da tarihi cikin kishin ƙasa.

Rabin farko na maganar tasu, mu da munka yi makarantar allo ba sai an koya muna ba. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da yawa cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani, kuma a Baƙara an ce waccan al'umma ce ta riga ta wuce, tana da abin da ta aikata kuna da abin da kunka aikata. Don haka duk malamin makarantar da zai sa yaro ɗan shekara 10 ya ji shi mai laifi ne saboda fatarsa, ya zalunce shi, ko a Bristol ne ko a Sakkwato. Ban da ja a nan.

Amma ka taɓa zama wajen rabon gado? In mutum ya rasu ya bar gida da gona da shanu, kafin alƙali ko malamin da ke rabo ya ba kowa ko sisi, sai an fitar da kuɗin likkafani, an biya bashin da ake bin mamaci, an cika wasiyya. Babu mai cewa ɗan ne ya ci bashin, babu mai zaginsa, amma kuma ba shi da bakin cewa a ba ni gonar, bashin kuma a je a tambayi wanda ke kabari. To ƙasa ba ta mutuwa ma balle, gwamnatin Birtaniya ta yau ita ce dai ta 1833, da baitulmalinta da yarjejeniyoyinta da gidan tarihin da ke riƙe da tagullan Benin da anka kwasa a 1897. Kuma dubi yadda anka yi da bashin. Da majalisarsu ta soke bauta a 1833 an ware fam miliyan 20, kusan kashi 40 na abin da gwamnati ke kashewa a shekara, anka biya masu bayin diyya, bayin ba a ba su ko kwabo ba. Rancen da anka ci don biyan ya narke cikin bashin ƙasa, sai a 2015 anka gama biyan ragowarsa. Wato jikokin bayi da ke aiki a Landan sun biya harajin da ya shiga wannan ramin kuma ba wanda ya tashi ya ce ai laifin kakanni ne a yafe. Faransa kuma a 1825 ta ɗora ma Haiti, ƙasar bayin da sunka ƙwaci kansu, faran miliyan 150 kafin ta yarda da 'yancinsu, daga baya ta rage zuwa 90. In bashin ana bin wasu ne babu mai cewa ya tsufa.

Su masu kishin ƙasar kuma ba su daina gadon tarihi ba ai. Suna alfahari da cewa Birtaniya ta hana cinikin bayi a 1807 ta kuma sa jiragen ruwanta sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma suna kama masu fataucin, kuma gaskiya ne, abin yabo ne. To amma wanda ke bidiyon shi ma bai hau jirgin ba. In ya halatta ya ce mu munka hana, ya zama dole ya ce mu munka yi.

Kuma in ka bi lissafi, tubar da ake ta kuka da ita ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. A 2013 Birtaniya ta biya 'yan Kenya 5,228 da anka azabtar zamanin tawayen Mau Mau fam miliyan 19.9, kowa bai kai fam 4,000 ba, shi ma sai da kotu ta matsa. Jamus ta amince a 2021 cewa abin da ta yi ma ƙabilun Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908 kisan ƙare dangi ne, ta yi alƙawarin yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30 amma a matsayin tallafi, ta ƙi kiransa diyya. Nan kusa da mu, ka wuce Illela ka shiga Birnin Ƙonni, a 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta Faransa ta yi ma garin kisan gilla ta ƙona shi a hanyarta ta zuwa tafkin Chadi. Mutum nawa ne a Faris sunka taɓa jin sunan Ƙonni? Majalisar Faransa ma a 2005 doka ta yi cewa makarantu su koyar da alherin mulkin mallaka, sai da anka yi ca a kanta sannan anka cire sakin a 2006.

Jamus ce kawai ta yi abin da za a kira tuba ta gaske kan Hitler, tun daga durƙuson da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Willy Brandt ya yi a Warsaw a 1970, kuma ban ga ta rushe ba, ita ce ma ta fi kowa ƙarfin tattalin arziki a Turai.

Namu tudun

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Akwai darasin da nake yi ma 'yan aji uku kan shigowar turawa. In ina maganar ran 15 ga Maris 1903 a filin Giginya, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar, aji kan yi tsit, wasu har idonsu ya kawo ruwa, kowa na rubutu. Sati na gaba sai in kawo Satiru. Ƙauye ne kudu da garin nan, a 1906 mutanensa, galibi talakawa da bayin da sunka gudo, sunka yi ma turawa tawaye da gatura da fartanya har sunka kashe jami'ansu, aka dawo a watan Maris aka shafe garin, an kashe mutum wajen 2,000, kuma ba turawa kaɗai sunka yi aikin ba, da dakarun sarakunanmu a ciki, aka kuma hana sake zama a wurin. A nan sai biro ya fara tsayawa. In na shiga maganar bauta a cikin Daular kuwa, cewa masana tarihi na ƙiyasin bayi tsakanin miliyan 1 zuwa 2.5 a ƙarshen ƙarni na 19, da rinji-rinjin da ke noma ma manya, da tsarin murgu inda bawa ke fita neman kuɗi yana biyan ubangidansa, da cewa sai a 1936 anka soke bauta kwata-kwata a dokar Arewa, to lallai sai wani ya ɗaga hannu.

Wani yaro mai ƙoƙari, daga gidan sarauta yake, ya taɓa miƙewa ransa a ɓace ya ce Malam wannan ai rubutun turawa ne don su ɓata jihadi, kuma me ya kawo tone-tone, mu munka yi? Na ce ma abokan karatunsa su riƙe jimlar tasa da kyau, don ita ce dai jimlar Höcke, harshe kawai ya bambanta. Na ce mai wasiƙun sarakunanmu da Larabci suna nan a ajiye a Kaduna da nan gidan tarihi na Waziri Junaidu, ya je ya karanta da idonsa. Kuma faɗin haka bai rage ma Shehu komai ba, shi da ɗaya daga cikin abin da ya tada rikicinsa da Gobir shi ne bautar da Musulmi 'ya'ya, kamar mutanen Gimbana. Bayan an tashi wata ɗaliba ta biyo ni har bakin ofis, ta tsaya tana murza bakin hijabinta, ta ce an fasa auren yayarta ana saura 'yan makonni don dangin mijin sun yi binciken asali sun ce kakar kakarsu baiwa ce. Ita ba diyya take nema ba, ba ta ce kowa ya durƙusa ba, so take a daina. A Nijar sai 2003 anka mai da bauta laifi a dokar ƙasa, a 2008 kuma kotun ECOWAS ta ci gwamnati tarar sefa miliyan 10 kan wata mata da anka sayar tana yarinya a matsayin wahaya a yankin Ƙonni ɗin nan dai. Don haka in za ka nemi bature ya kalli tarihinsa ido da ido, ka shirya a ce ma kai ma bismillah.

Maganar 'yanci

E, gaskiya ne ana zuwa gidan mutane kan rubutu. A Bavaria a 2024 'yan sanda sun binciki gidan wani dattijo ɗan fansho bayan ya yaɗa hoton da ke kiran ministan tattalin arziki wawa. Jamus ta yi doka a 2017 da ta yi barazanar cin kamfanonin sada zumunta tarar da ta kai yuro miliyan 50 in ba su goge rubutu da sauri ba, kamfani kuwa in ya ji tara sai ya goge har da wanda bai saɓa doka ba. A Kanada a Fabrairun 2022 gwamnatin Trudeau ta kafa dokar ta-ɓaci kan direbobin manyan motoci masu zanga-zangar ƙin dokokin korona har ta rufe asusun bankin mutane ba tare da umarnin kotu ba, a Janairun 2024 kotun tarayya ta ce matakin ya wuce gona da iri. Ga kuma abin da ba doka ba ce amma ya fi doka ciwo, a taru a kan mutum a intanet har a kore shi daga aiki kan magana guda. Wanda duk ya ce ma babu wannan, ko bai bibiya ba ko yana kare nasa ne.

Amma ɗauki adadin da suka fi yawo da shi. Jaridar Times ta Landan ta ruwaito cewa a 2023 an kama mutum sama da 12,000 kan saƙonni da rubutun intanet, wajen 30 kullum. To wa ke mulki a 2023? 'Yan Conservative, masu ra'ayin riƙau, tun 2010 suna kai. Dokoki biyun da ake kamun da su, ɗaya ta 1988 ce zamanin Thatcher, ɗaya ta 2003 zamanin Blair, wato dama ta aza tubali hagu ta ɗora. A cikin kamun ma akwai masu yi ma tsohuwar mata barazana ta waya, kuma waɗanda anka yanke ma hukunci kaɗan ne. Dokokin da sunka ƙuntata zanga-zanga a 2022 da 2023 su ma 'yan Conservative sunka yi. Da Labour ta hau sai ta sa ƙungiyar Palestine Action mai goyon bayan Falasɗinawa cikin jerin 'yan ta'adda a Yulin 2025, aka dinga kwashe ɗaruruwan mutane har da tsofaffi don sun ɗaga kwali. A Amurka dokar Patriot ta Oktoban 2001 da ta buɗe ƙofar leƙen asirin jama'a Bush ya sa ma hannu, sanata 98 sunka amince mutum 1 ya ƙi, Obama ya zo ya ci gaba da ita har Snowden, wani tsohon ma'aikacin leƙen asiri, ya fasa ƙwai a 2013. Kuma ka san su wa anka fara gwada ta a kansu, masu irin sunanka ne.

Sannan ka duba me masu kishin ƙasar ke yi in mulki ya zo hannunsu. Poland a 2018 ta yi dokar ɗaurin shekara 3 ga wanda ya jingina ma al'ummar ƙasar laifukan Nazi, sai da duniya ta yi caa sannan anka cire ɗaurin. Gwamnatin Orban a Hungari ta matsa ma wata babbar jami'a har ta kwashe ta koma Vienna. Rasha ta rufe ƙungiyar Memorial mai tattara sunayen waɗanda Stalin ya kashe a Disamban 2021. Mataimakin shugaban Amurka Vance ya je Munich a Fabrairun 2025 ya yi ma turawa wa'azin 'yancin magana, wata guda bayan nan jami'ai masu rufe fuska sunka tare wata ɗaliba 'yar Turkiyya a kan titi a Massachusetts sunka tafi da ita, laifinta ta sa hannu a wani rubutu kan Gaza a jaridar makaranta. Maƙwabtanmu ma, sojojin da sunka karɓi mulki a Yamai ran 26 ga Yuli 2023 da kishin ƙasa da korar Faransa sunka zo, kuma da yawanmu mun tafa, amma sun rufe RFI da France 24, sun dakatar da BBC, a 2025 sun rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya.

Mu a Najeriya ba ma sai mun nemo hagu ko dama ba. Doka ta 4 ta 1984 da ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor, rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da anka dinga jan 'yan jarida da masu rubutu a Facebook da shi har anka yi mai gyara a 2024, yaran da anka kai kotu a Abuja a Nuwamban 2024 da tuhumar cin amanar ƙasa suna faɗuwa don yunwa. Ba aƙida ta yi wannan ba, kujera ce.

Akwai aikin da nake ba ɗalibai, in ce kowane rukuni ya rubuta min dokar hana kalaman ƙiyayya. Da zumuɗi suke yi. Kusan kullum sai ka ga jimla irin wagga: duk wanda ya faɗi abin da zai tada hankalin jama'a ko ya zubar da mutuncin shugabanni a ɗaure shi shekara kaza. In sun gama sai in ce to ku ɗauka gwamnan jam'iyyar da kunka fi tsana shi zai aiwatar da ita, da kwamishinan 'yan sandan da ke jin maganarsa, kuma limaminku ya hau mumbari ran Juma'a ya yi maganar mutanen da ake sacewa a Isa da Sabon Birni ya ce hukuma ta gaza. Hankalin jama'a ya tashi ko bai tashi ba? Sai ka ga an juya fensir ana goge-goge. Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere.

Kar kuma mu yi ma kanmu ƙarya, mu ma ba masu cewa a bar kowa ya faɗi komai ba ne. Da anka ƙona Alƙur'ani a Sweden a 2023 mu munka fi kowa neman a hana, kuma mun ji daɗi da Denmark ta yi doka a Disamban shekarar. Jamus ta haramta musun kisan Yahudawa, mu mun haramta taɓa Annabi (SAW), kowace al'umma na da layin da ba a tsallakewa. Tsarin mulkinmu na 1999 ma sashe na 39 ya ba da 'yancin magana, na 45 ya ba da damar taƙaita shi. Rigimar ita ce wa ke ja layin, a rubuce yake kowa ya sani ko sai an kama ka za ka ji, kuma alƙali ke yanke hukunci ko taron jama'a. Garin nan ya ga abin da taron jama'a ke yi a Mayun 2022 da anka kashe wata ɗaliba kan zargin ɓatanci, kuma fadar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da ɗaukar doka a hannu.

Wa za ka bi

Ban ga dalilin da zai sa ka yanki katin jam'iyya a faɗan da ba a gayyace ka ba. Ni ina kallon Turai ne daga karatu da hira da ɗalibaina da ke can, wanda ke zaune Bradford ko Hamburg zai iya ganin wani abu daban, kuma ba duk mai kishin ƙasarsa ne maƙiyinka ba, akwai masu ra'ayin riƙau na gaske da ke kare 'yancin wanda ba su so. Amma in bidiyo ya zo ma, ka nemi sunan dokar da ake kuka da ita da shekararta da wanda ke mulki lokacin, minti biyu ne a waya. Sannan ka shiga shafin mai maganar ka rubuta masallaci ko hijabi ka ga me ya taɓa faɗi. Sau da yawa a nan hirar ke ƙarewa. Geert Wilders da jam'iyyarsa ta zo ta ɗaya a zaɓen Holand na 2023 ya sha kiran a haramta Alƙur'ani a rufe masallatai, da bakin da yake kukan an hana shi magana. Jam'iyyar masu kishin ƙasa ta Suwizalan ce ta jagoranci ƙuri'ar hana gina hasumiyar masallaci a 2009. Trump ne ya sa Najeriya cikin ƙasashen da anka taƙaita ma bizar zama a 2020.

Maganar auren jinsi da ta ja hankalinka kuwa, Najeriya na da dokarta tun Janairun 2014 da Jonathan ya sa ma hannu, ba mu jira wani bature ya tsaya muna ba. Kuma ba duka ne ma suke inda kake zato ba. Alice Weidel da AfD ta tsayar takarar shugabar gwamnati a 2025 da mace 'yar'uwarta take zaune suna renon yara, Wilders kuma 'yancin masu auren jinsin ne yake kafa hujja da shi cewa Musulmi ba su dace da zama a Holand ba.